Daƙiƙa biyar ɗin da gajeriyar 'yarki take jira

Wannan makon ba girki na kawo miki ba. Maganar ƙwallon kwando ce, kuma kada ki wuce tukuna, domin in kina da yaro ko yarinya da aka taɓa ce wa "tsawonki bai kai ba", da ke nake.

'Yata ta uku gajeriya ce, ni ta ɗauko. Da ta shiga ƙungiyar makarantarsu a nan Mashi, sai da na yi niyyar cire ta. A ganina kwandon yana can sama, mita 3.05 daga ƙasa, dogaye sun yi masa ƙawanya, ita kuwa sai dawowa gida da gwiwa a ƙuje. Ga kuɗin takalmi. Na je makarantar da nufin in faɗa wa malamin wasanninsu a bar min ita ta fuskanci karatu. Ya ce, "Hajiya, zauna ki kalli abu ɗaya kafin ki yanke hukunci."

Abin da ya nuna min shi ne yadda ake dawo da ƙwallo fili bayan ta fita. Alƙalin wasa yana miƙa wa 'yar wasa ɗaya ƙwallo a bayan layi, kuma daƙiƙa 5 kacal doka ta ba ta ta jefa wa 'yar'uwarta. In ta wuce haka, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Amma kafin a miƙa mata, wasa a tsaye yake, kowa na iya tsayawa inda koci ya tsara masa. Shi ya sa masu horarwa suke zama su tsara wannan lokacin kamar yadda kike tsara rabon abinci ranar suna.

Ga yadda nasu yake idan ƙwallo ta fita ta ƙarƙashin kwandon da suke kai wa hari. 'Yan wasa huɗu suna tsayawa kamar kusurwoyin akwati, biyu kusa da kwando, biyu a sama. Mai jefowa ta buga ƙwallo da tafin hannu, alama ke nan. Sai doguwar cikinsu ta ruga ƙarƙashin kwando tana ɗaga hannu tana kiran a ba ta. Yaudara ce. Masu tsaro sun fi tsoron wanda ke kusa da kwando, don haka sukan bi ta har su biyu. A daidai lokacin wata ta je ta tsaya cak a hanyar mai gadin 'yata, ƙafafu a kafe, hannaye a ƙirji, ta zama shinge. 'Yata ta goga kafaɗarta da ta mai shingen ta zame zuwa kusurwar fili, bayan layin maki uku. Kafin mai gadin ta kewayo, ƙwallo ta iso hannunta, babu kowa a gabanta.

Ta jefa sau biyar ranar, biyu suka shiga. Maki shida ke nan, daidai da abin da doguwa za ta samu in ta ci sau uku a gindin kwando. Kuma kusurwar ba a banza aka zaɓe ta ba: a dokar FIBA layin maki uku yana da nisan mita 6.75, amma a kusurwa mita 6.60 ne.

Akwai salo na biyu da ya fi ba ni dariya. A ba wata ƙwallo a sama, kowa ya juya yana kallonta, a manta da wadda ta jefo. Ita kuwa sai ta shigo fili a hankali, ta bi bayan shinge, a mayar mata. Wadda aka raina ita ke ci.

Kada ki ɗauka dabarar yara ce kawai. A watan Yulin 2021, a Las Vegas, D'Tigers na Najeriya sun doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci, kuma sau 20 suka ci daga bayan wannan layin. Ki lissafa, maki 60 cikin 90. Matanmu kuwa, D'Tigress, ƙarƙashin Rena Wakama, sun kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. In kuma batun sutura ne ke damunki, ni ma ya dame ni, tun 2017 FIBA ta amince a yi wasa da kai a rufe.

Inda nake so mu gyara shi ne tambayar da muke yi idan sun dawo. "Nawa kika ci?" ita kaɗai muka sani. To yarinyar da ta tsaya shinge fa? Ita ake bangaza, kuma in ta matsa ƙafa lokacin karon, alƙali ya busa mata laifi. Ba a rubuta mata maki ko ɗaya, alhali in babu ita 'yata ba za ta ga sarari ba. Mahaifiyarta maƙwabciyata ce, kuma ta daɗe tana cewa 'yarta ba ta iya komai ba. Sai da na ja ta muka je tare.

Yanzu da yamma in rana ta yi sanyi, nakan tsaya a tsakar gida ina ƙirga ɗaya zuwa biyar da ƙarfi, ƙaninta ya zama shinge, ita ta kewayo ta karɓa ta jefa cikin tsohuwar tayar keke da babansu ya ɗaure a jikin darbejiya. Sharaɗina ɗaya ne, a gama aikin makaranta tukuna. Takalmin ma na saya ranar kasuwa, na gwanjo, lamba ɗaya sama da ƙafarta.