GYARAN IRI DON KAWAR DA CUTAR AMFANIN GONA: INA MAKOMAR HARAWA?

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masana aikin gona, wadda in an ji ta da farko sai a ce ta manoma ce, babu ruwan mai sanda. To, da ruwanmu a ciki. Maganar kuwa ita ce ta gyaran ƙwayoyin halittar shuka domin ta gagari cututtukan da ake kira bairas. Ra'ayinmu shi ne a yi wannan aiki, amma a yi shi da sanin makiyayi, kuma a auna abin da dabba za ta ci kamar yadda ake auna abin da mutum zai ci.

Kowa ya san daga kaka zuwa faɗuwar damina rabin rayuwar garke a gona take. Karan gero da na dawa, harawar wake da ta gyaɗa, dusa da tunkuza, su ne ke riƙe saniya in ciyawa ta ƙare. Mai kiwon ragon layya a Maradi ko Damagaram da harawa yake lissafin ribarsa. Saboda haka duk cutar da ta ci gona, ta ci turke.

Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturtar gyaɗa ta mamaye arewacin Najeriya da kudancin Nijar. A Najeriya kaɗai ta lalata gonaki kusan eka dubu 700 irin ta faransanci. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotson ganye ne ke ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan, sai gyaɗar ta tsumbure, ganyenta ya murɗe, babu 'ya'ya babu harawa. Bayan nan noman gyaɗa ya daɗe bai koma yadda yake ba, kuma dabbobi sun sha nasu kason na wahalar.

Shi bairas ba ya jin feshi in ya riga ya shiga, domin ba ya hayayyafa sai cikin jikin shukar kanta, yana aron wasu kayan aikinta. Dabarar masana ita ce su sauya ɗan wurin da yake kamawa, ya zo ya rasa mariƙa. Makiyayi ba baƙo ba ne a harkar gado: da zaɓen bijimi kakanninmu suka fitar da Azawak mai nono da Bororo mai juriyar tafiya. Bambancin shi ne abin da zaɓe ke yi cikin shekaru masu yawa, yanzu ana yin sa da wani irin almakashi mai suna CRISPR, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012, har aka ba su kyautar Nobel a 2020. Galibi ba a shigo da gadon wata halitta daban, na shukar ake yi wa kwaskwarima.

An kuma ga alamun nasara. A 2016 masana a Isra'ila sun gyara kokwamba ta jure wasu cututtukan bairas. A 2019 ma'aikatan cibiyar IITA a Nairobi sun kashe bairas da ke kwance cikin gadon wata irin ayabar suya. A wannan shekarar dai wasu masana a Amurka sun rage ɓarnar cutar da ke ruɓar da saiwar rogo a gabashin Afirka. An riga an gwada almakashin a kan wake da gyaɗa a ɗakunan bincike. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki a 2020, Kenya a 2022, Ghana a 2023. Tun da iri ba ya neman biza kafin ya tsallaka iyaka, abin da aka saki a Kano zai iso kasuwar Maradi ko Marwa ko an so ko ba a so ba.

Wasu 'yan'uwa na cewa a ƙi abin ɗungurungum, wai taɓa halitta ne. Mu dai ba mu ga hujjar ƙi ba. Cutar bushiya ma bairas ce, ta share garkuna a ƙasashen nan, kuma allurar masana ce ta kai ga bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Wanda ya amfana da wancan ilimi bai kamata ya rufe ƙofa ga wannan ba. Sai dai amincewa daban, sakin baki daban, kuma ga dalilai uku.

Na ɗaya, cuta ma tana da wayo. A 2019 wasu masana sun gwada almakashin a kan bairas mai murɗe ganyen rogo, sai wani sashe na bairas ɗin ya sauya kama yadda almakashin ba ya yankansa. Ke nan in ƙasa duka ta koma ga iri guda, ranar da cuta ta gane hanyarsa kowa zai kwana da yunwa, mutum da dabba.

Na biyu, masu gyaran kan yi kuskure. An haifi 'yan maruƙa marasa ƙaho a Amurka a 2015 ta hanyar gyaran gado, aka ce babu baƙon abu a jikinsu, sai a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gano guntun gadon ƙwayar bakteriya a ciki. Mai bincike na waje ne ya gano, ba mai sayarwa ba.

Na uku, iri kan ba ka abu guda ya karɓe wani. Burkina Faso ta fara noman audugar da aka sa wa gadon kashe tsutsa a 2008. Tsutsar ta ragu, amma zaren ya gajarta, farashi ya faɗi, a 2016 aka yi watsi da ita. Hanyar da aka bi a can ba irin wannan ba ce, amma darasin ɗaya ne: abin da ba a auna ba shi ake asara. In masani ƙwaya kaɗai yake ɗora wa sikeli, zai iya kawo waken da ya fi ƙarfin cuta amma ganyensa ya kakkaɓe kafin a naɗe harawa.

Don haka ga abin da muke nema. Kada a saki irin wake, gyaɗa, gero ko dawa sai an faɗi nauyin harawarsa ko karansa, an kuma ciyar da tumaki da shanu an ga yadda suke ci da yadda suke ƙiba. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun shekarun 1990 IITA da ILRI suka yi aikin wake mai amfani biyu a Kano, ƙwaya da harawa. A sa wakilan makiyaya a kwamitocin da ke yarda da sabon iri. A bar manomi ya ajiye irinsa ya sake shukawa, don tsadar iri a kan damin harawa take sauka. A adana irin gargajiya a rumbunan INRAN da na ICRISAT da ke Sadore, domin irin gyaɗar da aka fara samu mai jure kuturta a gonakin talakawa aka tsinto shi, wajen iyakar Burkina da Kodebuwa, cikin shekarun 1950. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sannan in gona ta ƙara albarka, kada hakan ya zama dalilin cinye burtali da mashaya. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da 'yancin yawon kiwo, kuma iri mai kyau ya kamata ya rage buƙatar sabon fili ne.

Tun ran gini ran zane. Shugabannin rugage da sarakunan kara su ɗauki maganar nan zuwa tarurrukan hukumomin filaye da ofisoshin ma'aikatan gona da kiwo, su tambaya tun iri bai iso ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gona da garke. Amin.