Taskar Malaman Birnin Kano a Gajimaren Haya: Wa Ke Riƙe da Mabuɗi?

A cikin ganuwar Kano, daga Madabo zuwa Kabara, akwai zauruka da soraye da ke ɗauke da littattafan hannu na Larabci da ajami waɗanda aka gada kaka da kakanni. Birnin da ya karɓi baƙuncin Shehu Magili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) bai taɓa rasa marubuta ba, amma ya sha rasa abin da suka rubuta, saboda gara da ɗigar damina da gobara da rabon gado. Shi ya sa ake ta kiran a ɗauki hotunan waɗannan takardu a zuba su a rumbun bayanai na kwamfuta. Kiran daidai ne. Abin da manazarta Hausa ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne inda rumbun zai zauna da wanda zai riƙe mabuɗinsa.

Amsar da ake yayi yanzu ita ce gajimare. Ma'anarsa ita ce maimakon cibiya ta sayi babbar kwamfuta ta girke a ofishinta, sai ta yi hayar wani yanki na kwamfutocin kamfani irin su Amazon ko Microsoft ko Google. Yankin yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, a kansa kuma ake ɗora manhajar rumbun bayanai kamar PostgreSQL ko MySQL ko SQL Server. Kamfanonin suna ta ƙaro sababbin dabaru: ajiye kwafin rumbun kai tsaye bisa jadawali, toshe kafofin ɓarayin intanet ba tare da jiran ma'aikaci ba, ƙara wurin ajiya ba tare da sayen sabuwar na'ura ba, da riƙe tagwayen rumbu a gine-gine daban-daban ta yadda in ɗaya ya tsaya ɗayan zai ci gaba. Sun kuma matso kusa: Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024.

Duk wanda ya san halin wutar lantarki a Kano, da zafin bazara da ƙurar hunturu, ba zai raina wannan ba. Kwamfutar da aka ajiye a ɗakin sashe, tana dogara da janareto da alherin ma'aikaci ɗaya, ta fi takardar da ke cikin gafaka saurin halaka. Saboda haka ƙin gajimare gaba ɗaya ba dabara ba ce. Matsayin wannan maƙala shi ne a shige shi da sharuɗɗa, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Sharaɗi na farko ya shafi kuɗi. Hayar manyan kamfanonin nan da dala ake lissafa ta, wata-wata, kuma ranar da aka daina biya sai a rufe, daga baya a share. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Aikin da aka tsara a kan tallafin shekara biyu ko uku zai iya wayar gari kuɗin hayarsa ya ninka sau uku. Littafin da malami ya bari a zaure yakan jira shekara ɗari kafin a waiwaye shi. Rumbun haya ba ya jira. Don haka kada a fara aikin sai jami'a ta sanya hayar cikin kasafinta na dindindin.

Na biyu, gajimare ma gini ne na ƙasa, yana da wayoyi da bango. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. A Oktoban 2023 masu kutse suka durƙusar da Ɗakin Karatu na Birtaniya, babban kundinsa bai dawo intanet ba sai Janairun 2024. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a Nijeriya da maƙwabtanta. Darasin a bayyane yake: dole cikakken kwafi ya zauna a Kano, a hannun cibiyar da ke da aikin, wani kuma a wata cibiyar bayanai ta cikin gida, irin ta kamfanin gwamnati Galaxy Backbone. Kuma a riƙa gwada farfaɗo da rumbun daga kwafin, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ba mai iya tsaya masa sai masanin harshe. Rumbun bayanai yana da tsarin da yake adana haruffa da tsarin da yake jera su, kuma tun ranar kafa shi ake zaɓa. In aka bar zaɓin ga injiniyan da bai san Hausa ba, ƙafa za ta iya komawa kafa, baƙi ya koma baki, ko kuma haruffa masu lanƙwasa su zama alamar tambaya. In an jera kalmomi bisa lambar harafi kawai, ɓ da ɗ da ƙ za su faɗa bayan z, saɓanin jerin da masu amfani da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) suka saba da shi. Maganin yana nan: PostgreSQL ya karɓi tsarin jere na harsuna daban-daban na ICU tun 2017, wanda ya ƙunshi na Hausa, SQL Server kuma ya karɓi UTF-8 a fitowarsa ta 2019. Ajami ya fi wannan wuya, saboda wasulansa da ɗigon imala na ruwayar Warshu da bambancin hannun marubuta. Sunan marubuci guda kan zo da Larabci da ajami da boko, sai an tanadi gurbin kowanne kafin mai bincike ya same shi. Wannan aikin sashen Hausa ne, ba na kamfani ba.

Na huɗu, haƙƙi. Tarin littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, takardu fiye da 3,000, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka. An adana shi da kyau, amma ɗalibin da ke Kano ya fi kowa nisa da shi. Gajimare zai iya gajarta wannan nisa, zai kuma iya maimaita tarihin ba tare da an ɗaga takarda ko ɗaya daga birni ba, muddin asusun hayar yana da sunan abokin hulɗa na waje ko na wani ma'aikaci shi kaɗai. Bugu da ƙari, ba duk abin da ke gafaka ake bajewa a kasuwa ba: akwai wasiƙun iyali, takardun bashi da na gado, da kundin asirai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi bayanan mutanen da ke raye, sauran kuwa amana ce tsakanin mai bincike da gidan da ya buɗe masa ƙofa. Ya kamata a rubuta yarjejeniya da Hausa, ta fayyace abin da kowa zai gani da abin da sai da izini.

Abin da ya rage shi ne Jami'ar Bayero da Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su zauna da magadan malamai su amince da tsari ɗaya, kafin kowa ya buɗe rumbunsa daban. Sassan Hausa kuma su fara koyar da ɗaliban babban digiri yadda ake tsara rumbun bayanai, kamar yadda suke koyar da su ƙa'idojin rubutu. Magabata sun kwafe littattafai da tawada da alƙalami domin kada ilimi ya dogara da kwafi ɗaya. Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba, ko da rumbun ya koma gajimare.