A Daina Koya wa Ɗalibai Cewa Manomi Ne Ya Kawo Hamada

A yawancin kwalejoji da jami'o'inmu, darasin muhalli amsa guda gare shi: hamada na gangarowa kudu saboda talaka na sare itatuwa, maganinta kuma a raba dashe a yi bikin shuka. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fito da digiri yana yi wa mahaifinsa na ƙauye kallon mai ɓarna. Wannan koyarwa kuskure ce, kuma tana cutar da mu.

Ga Maraɗi nan kusa. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, galibinsu suka mutu. Awaki suka ci, rani ya ƙone saura. Abin da ya yi aiki shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman yankin a 1983. Manomi zai bar kututturen da ke da rai a gonarsa, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya ci gaba da kula da su. Saiwar ta daɗe a ƙasa, ba ta neman ban ruwa. Daga Maraɗi har Damagaram an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo na cikin waɗanda aka fi bari, kuma manomi ya riga malamin jami'a sanin dalili: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa.

To me ya sa a da manoma ba sa barin itacen? Doka ce. Dokar daji da aka gada daga Faransawa ta mayar da itace mallakar gwamnati, malamin daji na iya cin mutum tara a kan reshen da ya sara a gonarsa. Wa zai reni abin da ba nasa ba? Da aka sassauta wa manomi, itatuwa suka dawo. Nawa ne cikin ɗalibanmu suka taɓa jin wannan a aji?

A Najeriya ma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya nuna cewa manoman karkarar Kano, duk da cunkoson jama'a, suna riƙe da itatuwan gonakinsu. Ana sare daji kam, ban musa ba. Amma a bi motocin itace da gawayi a ga inda suke sauke kaya: birni ne, gidajen burodi da madafanmu.

Shugabannin sassan nazarin muhalli, ku fitar da yaran nan daga aji. Ku kai su gona da rani, ku bar dattijon manomi ya riƙe darasin, kuma abin da ya koyar ya fito a jarrabawa.