K, M da B: Haruffan da Suka Haɗiye Lissafi

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, muna zauren Maigida a nan Kassalafam muna tattara gudummawar gyaran rufin makarantar allo, sai wani jikansa ɗan shekara goma sha biyu ya leƙa littafinmu ya yi dariya. Ya ce, "Baba Malam, duk wannan bai kai 2M ba? Ni fa hatsina ya kai 3B." Ya nuna mana wayarsa, ashe wasan yaƙi ne irin su Lords Mobile, inda yaro ke gina birni, ya tara itace da dutse da dakaru. Muka ce ya faɗa mana B ɗin nan da Hausa. Ya yi jim, sannan ya ce, "Ya dai fi M."

Gaskiya ya faɗa, amma nawa ne tsakaninsu? K dubu ce, daga kalmar kilo, kamar yadda kilon shinkafa yake giram dubu. M miliyan ne, wato dubu sau dubu. B biliyan ne, miliyan dubu, T kuwa biliyan dubu. Idan mutum ya ƙirga daƙiƙoƙin agogo ɗaya bayan ɗaya, zai kai miliyan cikin kwana goma sha ɗaya da rabi. Kafin ya kai biliyan kuwa, sai ya shafe shekara talatin da ɗaya da 'yan watanni. A fuskar waya, harafi ɗaya tak ya raba su.

Ba taƙaita adadi muke zargi ba, domin mun riga masu wasannin nan yin sa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ramzi, inda harafi ke tsayawa a madadin adadi: a lissafin Magaribawa da muka gada, shin dubu ce, kuma da irin wannan ne malaman Sakkwato suka riƙa rufe waƙoƙinsu da shekarar da aka yi su. Fatakenmu na zamanin wuri suna cewa keso, suna nufin wuri zambar ashirin. Ko yau a Marché Central, kolo faran dubu ne, bâton kuwa miliyan. Bambancin shi ne wanda ya ce keso ya taɓa ɗora shi a kan jaki, ya san nauyinsa. Yaronmu kuwa da yatsa ɗaya yake kashe 500M, bai ji komai ba.

A Duwala matsalar ta ninku, domin muna zaune tsakanin harsuna biyu na boko. Abin da Ingilishi ke kira biliyan, Faransanci na kiransa milliard. Shi kuma billion na Faransanci ya ninka wancan sau dubu. Ga kuma rikicin aya da waƙafi. Tun 1999 ake rubuta canjin Yuro ɗaya da Faransanci 655,957. Ɗan makarantar Faransanci zai karanta faran ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai, ɗan makarantar Ingilishi kuwa ya ga sama da dubu ɗari shida. Mun ga illar haka da idonmu: wani ɗan'uwa da ke aiki a waje ya aiko saƙo cewa zai ba da 1,500K. Wani matashi ya shigar da shi littafi a matsayin kolo ɗaya da rabi, wani ya sanar a taro cewa miliyan ɗaya da rabi ne. Mako biyu aka yi ana kallon kwamiti da wani irin ido kafin a samu mai kyautar a waya.

Tun daga ranar muka tsayar cewa duk adadin da zai shiga littafin jama'a, sai an rubuta shi da lamba cikakkiya, sannan da kalmomin Hausa a gefensa. Iyaye ma muna ba su shawarar kada su ƙwace wayar. Su zauna kusa da yaron, duk adadin da ya fito su sa shi ya furta shi da baki, ya kuma rubuta sifirinsa duka. Jikan Maigida ya gwada a bayan allonsa da gawayi. Sai a karo na uku ya cika sifiri tara.