Sha'anin mota: ƙaramin ƙwai, babban aiki

A zamanin Peugeot 504, in ƙwan fitilar juyawa ta gaba, wato kilinyotan, ya ƙone, direba kan kwance kusa biyu, ya cire gilashi, ya canza shi a bakin hanya. Motocin yanzu kuwa an cushe gabansu da kaya, har hannu ba ya samun wurin shiga. A Renault Mégane II, wadda ta fito a 2002, ta wata kafa a ramin taya ake kai ga ƙwayayen fitilun gaba. Wasu motocin ma sai an sauke parshok.

Alamar ƙonewarsa sananniya ce: ƙyaftawar fitilar kan yi sauri fiye da yadda aka saba. Galibi ƙwan mai wat 21 ne, ana danna shi a murɗa hagu ya fita. Mai ruwan lemo, PY21W, haƙoransa ba su dace da gurbin farin ba. Tilasta shi fasa gurbi ne.

Wahalar nan ce ke sa direbobi da dama jinkirta gyara. Sai dai ɗan kabu-kabun da ke tahowa a mararraba bai san ciki ba, fitila yake kallo. Ladan makaniki bai kai kuɗin asibiti ba.