Wot ɗin majalisarku: a ɗebe kuɗin daga tabarma, a mayar da shi gasa



Ɗan'uwa, bari in fara da tambaya. Yaushe rabonka da ka ga an buga wot a majalisarku har aka tashi ba a yi musu ba? Ka leƙa gindin bedi a Wurma bayan la'asar, ko wajen mai shayi a Kurfi, ko shagon cajin waya a Dutsin-Ma, hoton kusan iri ɗaya ne. Samari huɗu ko biyar sun yi da'ira a tabarma, wasu goma sun tsaya a kansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. "Ɗauki biyu!" "Je ka kasuwa!" "Saura ɗaya!" Sai dariya. Sannan a wasu wuraren, in ka ɗaga gefen tabarmar, za ka tarar da 'yan ɗari biyu-biyu a kwance. Maganata ta yau a kan waɗannan 'yan takardun take.

Wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon Logan Paul, ɗan YouTube ɗin nan na Amurka, wanda ya shiga filin kokawar WWE a 2022 da kati guda rataye a wuyansa. Katin Pokémon ne, kuma ya mallake shi a kan sama da dala miliyan biyar. Da na nuna wa abokaina, ɗaya ya ce, "Wannan ai hauka ne, takarda fa!" Ban musa ba. Amma a bayan wannan haukan akwai darasin da ya kamata mu ɗauka.

Wasannin katin da ake tarawa ana musaya sun soma ne da Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Richard Garfield ya ƙirƙira, aka fitar a 1993. Katin Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, Yu-Gi-Oh! kuma a 1999. A yau ana gasar duniya ta waɗannan wasanni. Ta Pokémon ta 2023 a birnin Yokohama aka yi ta, kuma akan raba 'yan wasa rukuni uku gwargwadon shekaru. Sai dai ba daga babban zaure ake farawa ba. Daga ƙananan shagunan unguwa ake tasowa, inda matasa ke haɗuwa kowane mako, a rubuta suna, a haɗa wane da wane, alƙali na zagayawa. Wato majalisa ce irin tamu, rajista da doka kawai suka fi mu.

Ga inda labarin ya shafe mu. A dokar Magic ta farko, kafin a fara wasa kowane ɗan wasa zai ajiye kati ɗaya daga nasa a gefe, wanda ya yi nasara ya kwashe duka. Ka ga caca ke nan ƙarara, ko da ba a ambaci kuɗi ba. Mutane da yawa suka ƙi abin, ga kuma tsoron dokokin caca. Sai aka hana shi a gasar hukuma, kuma bayan 1995 kamfanin bai sake buga katin da ke buƙatar wannan ajiya ba. Har gobe dokar gasarsu ta hana a ci kuɗi a kan sakamakon wasa. Su da ba Hisbah ke bin su ba, da kansu suka gane cewa muddin akwai abin da ake ci a tabarma, uba ba zai bar ɗansa ya je ba, makaranta ba za ta ba da ɗaki ba, wasan kuma a lungu zai ƙare.

Kada ka ɗauka cewa nake yi mu yi odar katin Pokémon zuwa Wurma. A'a. Na farko, da dala ake sayensa. Na biyu, shi kansa cinikin yana da warin caca: a rufe kake sayen ƙunshi, ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan ka dace da mai tsada. Na uku, ɗan mai kuɗi ya fi samun katuna masu ƙarfi. Wot ɗinmu ya tsira daga duk wannan. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, ya fito da shi a 1935, amma Nijeriya ce ta riƙe shi har ya zama kamar ɗan gida. Kati 54 ne: ƙwallo 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai wot 5 masu lamba 20. Babu lamba 6, babu 9. Kwali ɗaya ya ishi kowa, ɗan alhaji da ɗan ga-ruwa daga kasuwa ɗaya suke ɗiba. Abin da muka rasa tsari ne kawai.

Na san yadda kuɗi ke shigowa, domin a gabana aka yi. Akwai abokina da muka gama sakandare tare. Da naira ɗari aka fara, wai don wasan ya yi armashi. Bayan wata biyu ana zuba dubu. Ranar da aka cinye shi tas, sai ya ce bari ya fanshe, ya ajiye wayarsa jingina. Ita ma ta tafi. Ya koma gida ya ce faɗuwa ta yi a kasuwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, wanda ya ci wayar maƙwabcinsu ne, tare suka taso, yau ko gaisawa ba sa yi. Shi kuma da ya bar tabarma bai bar caca ba, ta ƙwallo ya koma, a wayar aro. Waya ana sake saye. Zumunci da amanar iyaye fa?

Yanzu na san abin da ke ranka: "To malam, ai malamai sun ce karta haramun ce." Mu yi maganar a fili. Caca haramun ce babu saɓani, Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, ya kuma bayyana cewa tana jefa gaba tsakanin mutane tana shagaltar da su daga salla. Wasan kati da babu kuɗi a ciki kuwa, malamai sun yi saɓani. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun yi rangwame da sharaɗin kada ya ci lokacin salla, kada ya kawo zagi da rantse-rantse, kada ya hana mutum neman na kansa. Ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. In ya ce ka bari, ka bari, ga langa nan da ƙwallon ƙafa, tsarin da zan faɗa zai hau kansu. Amma mu daina yaudarar kanmu: ana buga wot ko mun so ko mun ƙi. Tambayar ita ce, a fili za a buga shi gaban manya babu sisi, ko a kango da kuɗi a ƙarƙashin tabarma, ana leƙen motar Hisbah?

In kun yarda a fito da shi fili, ga yadda nake ganin za a yi.

Da farko, babu kuɗin shiga da za a tara a ba gwani. Nan ne mutane da yawa ke zamewa. In mutum 16 suka zuba ɗari biyar-biyar, ɗaya ya kwashe, caca aka yi, sunanta kawai aka sauya. Kyauta ta fito daga hannun wanda ba ya cikin wasan: wani ɗan kasuwar gari, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko yayanku da ke aiki a Katsina. Kuma ba sai ta yi tsada ba. Yadin shadda, fitila mai caji, ko data ta wata guda ta wadatar. Abin da gwani ke nema suna ne.

Na biyu, a rubuta doka kafin a raba kati. Rabin faɗan wot daga nan yake tasowa, domin kowace majalisa da nata. Lamba 5 ɗauki uku ce ko ba a yi da ita? In an ba ka ɗauki biyu, kana iya tarewa da wata 2? Ana iya gamawa da kati mai hukunci, kamar 14 da ke tura kowa kasuwa? In kasuwa ta ƙare aka zo ƙirga, tauraro ninki biyu ne? Wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba, nawa zai ɗauka? A rubuta a takarda, a ɗauki hoto, a tura a guruf ɗin WhatsApp kwana uku kafin ranar.

Na uku, a rage wa sa'a ƙarfi. Kowa ya san wot akwai dace a ciki, hannu ɗaya ba ya nuna gwani. Saboda haka a yi biyu-biyu, wanda ya fara cin hannu biyu cikin uku shi ya yi nasara. Kuma kada a kori mutum don ya faɗi sau ɗaya. A ari tsarin da 'yan wasan ces da masu gasar kati ke amfani da shi: bayan kowane zagaye, a haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi. Da mutum 16, zagaye huɗu ya isa a samu mutum ɗaya tak da ba a doke shi ba, kuma kowa ya buga sau huɗu. A irin wannan tsarin ne za ka ga bambancin mai jefa kati barkatai da wanda ke lura da irin katin da ya tura abokin karawarsa kasuwa, yana ɓoye wot ɗinsa sai wuri ya ƙure.

Na huɗu, alƙali da lokaci. A nemi mutum biyu da ake jin nauyinsu, waɗanda ba su da ƙane a cikin gasar. Sabon kwali za a buɗe a gaban kowa, saboda tsohon kati duk an san shi ta baya. Wanda aka kama ya ɓoye kati a hannun riga, ya fita. Wanda ya yi ashar, an cinye shi wannan hannun. A sanar da mai unguwa tun da wuri, a yi a fili da rana, a tashi kafin magariba. Mu 'yan wannan yanki ba sai an yi mana bayani ba. Wurma ta ga tashin hankalin 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma ma haka. Taron samari da dare a wurin da ba a sani ba yana jawo zargi, yana jawo haɗari. Ana kiran salla kuma a kife katuna.

Ke ma 'yar'uwa ban manta da ke ba. Na san ana buga wot da ludo a tsakar gida, kuma akwai 'yan matan da in suka riƙe kati yayyensu maza sai sun gudu. Ku shirya taku a cikin gida ko a makaranta, da alƙaliyarku.

Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da rashin aikin yi, kai kana zancen kati? Gaskiya ne, gasar wot ba za ta ba kowa aiki ba. Amma dubi abin da shirya ta ke buƙata: rubuta doka, neman izinin manya, shawo kan mai ba da kyauta, riƙe rajista, yanke hukunci a kan abokinka, da karɓar kaye ba tare da zare ido ba. Saurayin da ya iya waɗannan, gobe zai iya riƙe ƙungiyar manoma ko asusun gyaran rijiyar burtsatse. Dambe da kokawa da langa ma a dandali suka taso, tsari ne ya kai su har gasar wasanni ta ƙasa. Kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna kusa. Ranar da gwanin Wurma ya zauna da gwanin jami'a, bidiyon da za ku ɗora a TikTok zai fi na zagin juna samun masu kallo.

Saboda haka ga aikin da na ba ka. Yau in ka je majalisa aka fito da kwali, ka ce a buga babu ko sisi. Ka lura da waɗanda suka zauna da waɗanda suka miƙe suka kaɗe riga. Waɗanda suka zauna su ne 'yan gasarka, ka fara rubuta sunayensu. Waɗanda suka tashi kuma ka san ba wot ya kawo su ba, kuma su ne suka fi buƙatar ka bi su da nasiha cikin sirri, ba tare da tozartawa ba.

In kun shirya taku, ku turo mana yadda ta kaya da dokokin da kuka bi, don wasu garuruwan su ɗauka. Allah Ya tsare mana ƙuruciyarmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.