Gina sababbin kasuwanni a maƙwabta: A auna haske tun kafin a zuba kankare

A cikin 'yan shekarun nan gwamnatocin ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu sun duƙufa wajen rushe tsofaffin kasuwanni suna gina na zamani. A Jamhuriyar Benin an fara buɗe sababbin kasuwannin unguwanni a Kwatano a shekarar 2024, a zamanin Shugaba Patrice Talon, yayin da a Ghana aka gina sabuwar kasuwar Kejetia da ke Kumasi mai dubban shaguna. Wani lokaci gobara ce ke tilasta yin aikin, kamar yadda ta faru a babbar kasuwar Yamai da ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, da kasuwannin Lome da Kara a ƙasar Togo waɗanda suka ƙone a Janairun 2013. Duk lokacin da irin wannan aiki ya taso, hankalin 'yan kasuwa yakan tafi ne kan rabon shaguna da kuɗin haya. Ba kasafai ake jin wani ya tambayi yadda haske zai shiga shagon ba, alhali kuwa wannan magana ce ta kuɗi tsagwaronta.

Duk mai sayar da atamfa ko shadda ko leshi, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya san yadda mai saye kan ja yadi zuwa bakin ƙofa domin ya ga ainihin launinsa. Shagon da ke cikin lungu mai duhu kuwa sai ya kunna fitila da rana tsaka, kuma fitilar ba kyauta take ci ba. Idan ba a manta ba, bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000. A Nijar, wadda a lokacin take samun kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Najeriya, an katse wutar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a 2024. Wanda ya fi jin jiki a wancan lokaci shi ne mai shagon da ba ya iya ciniki sai da janareta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ilimin auna hasken gini tun yana kan takarda ya daɗe da samuwa. A shekarar 1985 wani masani mai suna Greg Ward ya fara haɗa wata manhajar kwamfuta da ake kira Radiance a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya a Amurka, kuma har yanzu kyauta ake samun ta. Akwai kuma DIALux ta ƙasar Jamus da Relux ta Suwizalan, waɗanda masu tsara fitilun gine-gine ke amfani da su a ko'ina cikin duniya. Mai zanen gini zai shigar da fasalin ginin, da girman tagogi, da irin fentin bango, da wurin da garin yake a doron ƙasa, da bayanan yanayin sararin samaniya na kowace sa'a a cikin sa'o'i 8,760 da ke cikin shekara. Daga nan kwamfuta za ta bi sawun hasken, ta lissafa yadda yake dukan bango ya dawo, da wanda siminti ko kaya suka shanye, har ta fitar da adadin da zai isa kowace kusurwa.

A nan ne ya kamata 'yan kasuwa su bambance abu biyu. Kyakkyawan hoton da ake kafawa a allo ranar aza harsashi, wanda ke nuna kasuwa tana ƙyalli, aikin talla ne, mai zanen yana iya ƙara masa haske yadda ya ga dama. Su kuwa waɗannan manhajoji alƙaluma suke bayarwa, waɗanda za a iya zuwa da na'urar awo a gwada bayan an kammala ginin. Ma'aunin ana kiran sa luks. Rana tsaka a fili takan kai luks 100,000, amma ƙa'idar ƙasashen Turai ta nemi luks 300 kacal a wurin da ake baje kaya, da 500 a teburin aikin ofis. Ke nan a ƙasashenmu hasken ya yi yawa har ya wuce buƙata, abin da ya rage shi ne dabarar shigar da ɗan kaɗan daga cikinsa ba tare da zafinsa ya biyo shi ba.

Sai dai kuma kwamfuta abin da aka ba ta shi take lissafawa, shi ya sa kwaso zane daga Turai a dasa a nan yake da haɗari. Kano tana kan digiri 12 ne a arewa da tsakiyar duniya, Maraɗi da Yamai kuma wajen digiri 13 da rabi. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, a tsakanin waɗannan lokuta kuma ta arewa take karkata da azahar, abin da ba ya faruwa a Faransa ko Jamus. Ga kuma ƙurar hunturu da ke rufe gilashi da kwanon roba mai shigar da haske. Bugu da ƙari, ɗan kasuwarmu ba ya barin bakin shago a sake, sai ya rataye kaya har sama. Lissafin da bai yi la'akari da waɗannan abubuwa ba, ko da wace irin manhaja aka yi shi, zai yi kyau ne a ofis kawai.

Wasu 'ya'yan yankin nan sun riga sun nuna cewa ana iya sarrafa rana da kayan gida. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou ta zana kasuwar da aka kammala a 2018, da tubalin ƙasa da rumfunan ƙarfe masu launi da ke ba da inuwa kamar bishiyoyi, iska na ratsawa. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kere, wanda ya ci lambar yabo ta Pritzker a 2022, ya yanka tukwanen ƙasa ya jera su a rufin ɗakin karatu domin haske ya sauko, zafi ya fita. Amfanin manhaja shi ne a gwada irin waɗannan dabaru sau goma ko ashirin a kwamfuta, a zaɓi wadda ta fi, tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, fasa kankare daga baya kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Maganar ta shafi har masu fataucin ƙwan lantarki da kayan sola a kan iyakoki. Mai saye ya saba tambayar wat nawa, alhali wat wutar da ƙwai ke ci ce, hasken da yake bayarwa kuwa da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, wanda ƙwan LED mai wat 9 ko 10 zai bayar. Akwai kuma ma'aunin fitar da launi, wanda hasken rana ke da maki 100 a kansa. Ƙwan da bai kai maki 80 ba yakan sauya kamannin yadi, mai saye ya je gida ya ga wani launi daban, gobe ya dawo da rigima.

Don haka ya rage ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa su shiga maganar tun ana kan zane. Idan hukuma ko ɗan kwangila ya kawo taswira, a nemi ya faɗi luks nawa shagon da ya fi kowanne shigewa ciki zai samu da rana idan babu wuta, a watan Afrilu da kuma lokacin hunturu, sannan da bayanan yanayin wane gari aka yi lissafin. A kuma nemi a rubuta adadin a cikin yarjejeniya, ta yadda za a auna kafin a karɓi makullai. Kasuwa ana gina ta ne domin shekaru arba'in ko hamsin, kuma duk shagon da aka gina cikin duhu, mai haya ne zai yi ta biyan kuɗin mai tsawon waɗannan shekaru, ba wanda ya zana ba. Allah Ya sa shugabanninmu su duba.